Aljihun da Aka Ɗinke

Yayana bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba tare da hula a kansa ba. Da hantsi zai yi wanka, ya sa kaftani mai sitaci wanda ya sha guga, ya tsaya gaban madubi ya karya hula, ya shafa turare a bayan kunne da wuyan hannu. Sannan ya taka daga ɗakinsa zuwa zauren gidansa, ya zauna a tebur. Iyakar tafiyar ke nan. Babu mai ganinsa sai awakin maƙwabta da ke leƙowa. Na sha tambayarsa wa yake yi wa wannan ado, sai ya ce mutumin da zai kashe mutane a takarda bai kamata ya zo musu da datti ba.

Littattafan bincike yake rubutawa, irin waɗanda ake kashe wani a shafin farko, ɗan sanda mai farin kaya ya yi ta bin sawu har ya kama mai laifin a shafin ƙarshe. A Talata Mafara an san shi da abu biyu, rubutu da sutura, kuma ina jin suturar ce a gaba. Ranar kasuwa, da ƙura da turmutsitsi da komai, zai ratsa ta tsakiyar masu shanu ya fito fes, kamar ba ƙasa ɗaya muke takawa ba.

Ni ne ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin firamare ne ni, lissafi nake koyarwa. Rigata ba ta rabuwa da alli, maɓallin wuyana kullum yana neman faɗuwa, kuma ina da saurin fushi, wannan kowa zai shaide ni. A garin nan babu mai kirana da sunana. "Ƙanen mai littafi" ake ce mini, har yaran ajina in sun ɗauka ba na ji. In an tambaye ni, cewa nake yi abin bai dame ni ba.

Tela ɗaya ne yake yi masa ɗinki tun suna samari. Shagonsa yana kallon tasha. Yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma kullum akwai allura biyu ko uku a bakinsa, don haka maganarsa ta hanci take fitowa. Mutum ne mai sanyi. Na taɓa ganin wani ya zage shi a kan wando, shi kuwa ya tashi ya ba shi kujera.

Tsakanin su biyun akwai wata al'ada da 'yan gida kaɗai suka sani. Duk lokacin da Yaya zai fara sabon littafi, sai ya sa a ɗinka masa sabuwar babbar riga. Ranar karɓa zai rubuta wanda ya yi kisan a 'yar takarda, ya naɗe ta cikin leda, ya jefa a aljihun ƙirji, ya miƙa wa tela ya ɗinke bakin aljihun a gabansa. Telan bai taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Rigar sai a rataye ta, ba za a sake taɓa ta ba sai ranar da zai fara kashi na ƙarshe, ya sa ta, ya farke aljihun da reza. Dalilinsa shi ne yana da tausayi. Ya ce in ya zauna da mutum wata shida a takarda yakan so shi, kuma in bai ɗaure shi tun ranar farko ba, zai sake shi ya ɗora wa wani bawan Allah laifin.

Sai dai yana da aibu ɗaya, kuma duk da ya rasu zan faɗa. Yaya ba ya ƙirƙirar mutum, ɗauka yake yi. Zai zauna a majalisa ya yi shiru yana murmushi, bayan wata uku ka ga tarin mai shayi ko tafiyar sarkin pawa a cikin littafi. A da abin dariya ne. Mutane har gori suke yi wa juna, wai wane ya fito a littafi, wane ko a jerin 'yan kallo ba a sa shi ba.

Littafinsa na ƙarshe kashi uku ya tsara. Labarin wani attajiri ne ɗan gaye da aka tare a hanya aka kashe, a ranar da mutum huɗu kaɗai suka san zai yi tafiya: matarsa, direbansa, telansa mai ɗingishi, da ƙanensa malamin makaranta. Ma'ana wani daga cikin gida ne ya ba da labari. Wani gidan rediyo ya ɗauka yana karantawa kullum bayan la'asar, don haka har waɗanda ba su san baƙi ba sun san labarin. Na gane kaina tun shafi na biyar, da allin da maɓallin da komai. Na je na yi masa faɗa, amma a raina daɗi na ji, domin malamin nan shi ne mai kai wa ɗan sanda haske duk inda ya rikice. Kashi na biyu ya ƙare ne a shagon tela, inda ɗan sandan ya ɗaga ƙyallaye ya sami hular mamacin a ƙasa, ya ce wa telan ya tashi su tafi.

Sati uku bayan nan, bai kai ga fara kashi na uku ba, Yaya ya faɗi a zaure, alƙalami a hannu. Hawan jini ne. Kwana biyu ya yi a asibiti, kuma abin da ya fara nema da ya farfaɗo na ɗan lokaci shi ne hularsa. Telan ne ya haɗa likkafaninsa. Ya ce a shekara talatin wannan ne kaɗai ɗinkin da mai shi bai dawo da shi a gyara ba, ya faɗa yana kuka da allura a baki.

Mai karatu a rediyo ya yi ta'aziyya, ya koma wani littafi. Labari ya tsaya a inda ya tsaya, tela a hannun hukuma.

Da farko tsokana ce. Direbobin tasha su leƙa shago su ce, "Tela, ina hular Alhaji?" Ya yi murmushi ya ci gaba da taka keke. Amma shekarun nan ba na wasa da irin wannan magana ba ne. Mun riga mun shiga zamanin da ba ka faɗa wa maƙwabci ranar da za ka Gusau, zamanin da gonar da ta wuce kallon gari ta zama ta wasu. Kowa ya san mutanen daji ba duba suke yi ba, daga cikin gari ake kai musu labari, kuma kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. Ana cikin haka aka tare wani mai sayen hatsi a hanyar Morai aka tafi da shi. Kwana ɗaya kafin nan ya karɓi ɗinki a shagon telan, kuma an ji yana cewa a hanzarta, gobe yana da tafiya.

Daga ranar dariya ta ƙare. Wasu suka fara cewa ai mai littafi ba ya rubuta abu a banza, wani abu ya sani, shi ya sa ya faɗa ta hanyar da ya iya. Masu ɗinki suka dinga zuwa suna karɓe yadinsu ba a yanka ba.

Wata Alhamis na taso daga makaranta na same shi a ƙofar gidana, zaune a dakali, ya miƙe ƙafar nan tasa. Muka gaisa, gida da iyali da gajiya da haƙurin rashi, har na ƙosa, don na ga ba gaisuwa ta kawo shi ba.

"Malam," ya ce, "ni dai ban san mi niy yi ma yayanka ba. Jiya ɗiyata ta tai ɗibar ruwa, anka ce mata ɗiyar infoma. Shekaranjiya wasu samari sunka tsai da ni, sunka amshe wayata suna diba wa nika kira. Ka san abin da aka yi ma wanda anka laƙa ma wanga suna. Ba a kai shi gaban alƙali."

Na ce, "To ni mi zan yi? Ni na rubuta?"

"Ba kai ka rubuta ba. Amma takardar tana nan, ni da hannuna na ɗumke ta. Na san shi, ba ya kama mai laihi a kashi na biyu. In an buɗe, an ga ba ni ba na. Kai ka iya boko, kai ka iya cika mai littahinai."

Da ya tafi na shiga gida ina huci, na yi wa matata faɗa a kan gishirin miya, alhali miyar ba ta yi komai ba.

Washegari na je wurin matar Yaya. Tana cikin takaba, ta bayan labule muka yi magana. Ta ce rigar ruwan toka ce mai aikin farin zare, kuma ba ta cikin gidan. Ta tuna mini, a hankali, cewa ranar da aka raba kaya ni ne na tsaya a tsakar ɗaki na ce a kwashe tufafin nan duka a kai wa dangi, ƙamshin turaren yana sa mini ciwon kai. Ni da kaina na naɗe wannan rigar na aika wa kawunmu a Bakura. Ban ko taɓa aljihun ba. Gaskiya ta faɗa, sauri nake yi in ga ɗakin ya zama wayam, kuma a lokacin ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Kawu malami ne, ya haura tamanin, yana karantar da manya a zaurensa bayan sallar asuba da bayan azahar. Na je na tarar ana karatu, na zauna a bakin ƙofa har aka shafa. Sai gaisuwa. Kawu ba ya tsallake kowa, sai da ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, da shinkafar bana, da ruwan madatsa ko an sako, da ciwon bayan da na yi shekara biyar da warkewa. Ni kuwa idona yana kan igiyar da yake rataye tufafinsa, babu ruwan toka a kai.

"Wagga riga ai ta hi ƙarhin tsoho," in ji shi da na samu na tambaya. "In na sa ta, masu karatu riga za su kallo, ba littahi ba. Wani tsohon ɗalibina ya zaka gaishe ni daga Janbako, manomi na, na ga tashi ta mutu, ni ba shi."

Janbako a ƙasar Maradun take, ba nisa ne da ita ba, amma hanyar ba a binta sai ranar kasuwa, motoci a jere, kowa bakinsa da addu'a. Kuma manomi ba ya rataye riga, sawa yake yi, in ta yi datti a kai ta rafi a buga a kan dutse.

Kwana huɗu na jira ranar kasuwar. A cikin kwanakin wani ya zana alama da gawayi a ƙofar shagon tela, shi kuma ya daina zuwa masallacin tasha, ya koma salla a gida. Ban faɗa wa kowa zan yi tafiya ba, ko matata sai da na sa takalmi. A mota mu tara ne, babu mai magana. In wayar wani ta yi ƙara duk sai mu juya mu kalle shi, shi kuma ya kashe ta da sauri kamar ya yi sata. Dawa ta yi tsawo a gefe biyu, ba ka ganin komai bayan taku goma. Direba yana kauce wa ramuka yana kallon motar gaba, mu muna kallon direba.

Ban sha wahalar neman manomin ba. A kasuwar awaki na hango rigar Yaya tana tafe, ruwan toka mai farin aiki, a jikin wani gajeren mutum kakkaura. Ya naɗe hannuwan a kafaɗa, gindin rigar yana sharar ƙasa, yana jan ɗan akuya da igiya. Da Yaya ya ga wannan, da ya sake faɗuwa. Amma bakin aljihun yana nan a ɗinke.

Muka gaisa, na faɗi ko ni wane ne, ya yi mini ta'aziyya da kyau, har ya cire takalmi. Da na zo kan maganar aljihu sai ya dafe ƙirji da hannu biyu.

"A'a, Malam. Wagga laya ta. Malaminmu ya ba ni riga da laya ciki, bai hwaɗi ba don ba a hwaɗi. Tun da nis soma sa ta ranar kasuwa, sau biyu ana tare motar da ag gabanmu, tamu ta wuce. Ko wanki ban bari a kai ta, da tsumma nika goge ta."

Na ce masa ba laya ba ce, takardar littafi ce. Ya yi murmushi irin na wanda ake so a yi wa wayo. Na ce Kawu bai ma san da ita ba. Ya ce haka malamai suke cewa. Nan raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na ce mutum da gemunsa ya ɗauki tatsuniya ya maƙale a ƙirji yana kiranta tsari. Mutane suka fara tsayawa. A kasuwa irin wannan baƙo mai ɗaga murya ba ya daɗewa kafin a tambaye shi wa ya aiko shi, don haka na haɗiye sauran. Na ja shi gefe, ƙarƙashin wata rumfa, na ba shi labarin telan tun daga farko, har alamar gawayi.

Ya daɗe yana murza igiyar akuyar. Ya ce su ma a garinsu an taɓa laƙa wa wani wannan suna, daga baya aka gane ba shi ba ne, amma an riga an gama. Sai ya kafa sharaɗi: a farke a gabansa, in karanta a zuciya, a mayar a ɗinke yadda take.

"Kuma kada ka hwaɗa min abin da ac ciki," in ji shi. "In an hwaɗi, ta mutu."

Wani mai keken ɗinki a bakin kasuwa ya farke mana. Ledar tana nan, naɗin Yaya, tsaf kamar an goge. Na buɗe. Rubutunsa ne mai kwanciya dama, layi biyu kacal.

"Ƙanen ne, malamin makaranta. Ba don dukiya ba, ya gaji ne da zama ƙanen wani."

Na karanta sau uku. Manomin ya juya baya yana kallon akuyarsa don kada idonsa ya faɗa kan rubutun. Na naɗe, na mayar, mai keke ya ɗinke. Manomin ya shafa ƙirji, ya yi hamdala, ya saya mini fura. Na sha don kada ya ji kunya, amma ban san ɗanɗanonta ba.

A hanyar dawowa ban ji tsoron dawa ba ko kaɗan. Fushi nake yi da mamaci, wanda shi ne fushi mafi wahala, don babu ƙofar da za ka je ka buga. Shekara hamsin ina cin abinci da mutumin nan a kwano ɗaya, ashe yana zaune yana murmushi yana ɗaukata kamar yadda yake ɗaukar mai shayi. Kuma abin da ya fi ƙona ni, bai yi ƙarya ba. Ban taɓa yi masa fatan mutuwa ba, Allah shaida ne, ina sonsa, shi ya biya mini makaranta, shi ya nema mini aure. Amma ranar da muka dawo daga maƙabarta, a cikin kukan da nake yi, akwai wani ɗan wuri a ƙirjina da ya yi sakayau, kamar an sauke mini buhu. Ban faɗa wa kowa ba. Shi ya sa na kori tufafinsa daga ɗaki. Ya san da wannan wurin tun kafin ni in sani, ya rubuta, ya sa aka ɗinke.

Babu wanda ya ga takardar sai ni. Ina iya rubuta duk wanda na ga dama, kuma na zauna na gwada. Na ce direba, sai na tuna direban littafin kowa ya san wane ne a tasha, har karyayyen haƙorinsa, kuma 'ya'yansa tara. Na ce matar, sai na ga matar Yaya a bayan labule, don har yadda take ɗaura kallabi ya sa a littafin. Na ce to wani baƙo daga nesa, amma masu sauraron Yaya ba yara ba ne, sun san mutum huɗu aka lissafa, za su ce na rufa wa tela asiri ne don abokin gidanmu ne, abin ya ƙara lalacewa. Duk ƙofar da na taɓa akwai mutum mai rai a bayanta. Saura ɗaya, ita ce wadda Yaya ya zaɓa.

Matata ta ce in bar maganar, tela yana da danginsa. Na ce haka ne. Da safe na bi ta tasha na ga shagon a rufe, ƙarfe goma, ranar Talata ta kasuwa, ranar da a da ba ka samun wurin tsayawa a ƙofarsa. Ɗiyarsa ta leƙo ta tagar gidansu da ke jikin shagon ta gan ni ta saki labule.

Na koma zauren Yaya na zauna a teburinsa. Akwai kaftani ɗaya da matarsa ta ɓoye bai shiga rabo ba, ta aiko mini. Na sa, hannun ya rufe yatsuna, na yi kama da mai aron kaya ranar biki. Na cire, na rubuta littafin da singileti. Wata biyu na yi, kullum bayan an tashi makaranta. Ban taɓa rubuta komai ba sai jarrabawa, amma malamin nan bai ba ni wahala ba. Na san abin da yake ji in an gabatar da shi a taro, na san yadda yake murmushi in an yabi rigar yayansa a gabansa. Na sa shi ya ɗauki hular ya kai shagon tela ya tura ƙarƙashin ƙyallaye. Na sa ɗan sandan ya kama shi a aji, alli a hannu. Wurare biyu na yi kuka, kuma ba don tela ba.

Na kai wa mai karatu a rediyo, na ce daga takardun marigayi na haɗa, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Suka karanta cikin sati uku. Ranar da aka kai shafin ƙarshe ina gida, na ji rediyon maƙwabta ta kan katanga, na ji lokacin da matan gidan suka yi salati.

Tela ya buɗe shago. Ba a rana ɗaya ba, amma yadi ya fara dawowa, kuma wani ya wanke alamar gawayin ba a san ko wane ne ba. Mai hatsin nan ma Allah ya kuɓutar da shi, ya dawo ya rame, ya ce shi bai zargi kowa ba. Direbobi suka koma tsokana, wannan karon da dariya ta gaske.

Ni kuwa babu wanda ya tsayar da ni, babu wanda ya taɓa wayata. Ni malami ne, ɗan gidan malamai, ana jin nauyina. Abin a hankali ya zo. In na iso majalisa sai hira ta koma kan damina. Shugaban makarantarmu, wanda a da yakan ce in riƙe masa ofis zai je Maradun ranar kaza, ya koma sai dai in zo in tarar ba ya nan. An daina ce mini ƙanen mai littafi. Yanzu "Malamin" ake cewa, a ɗan ja ƙarshen, kuma na san wane malami ake nufi. Na samu sunan kaina ke nan bayan shekara hamsin. Na rubuta littattafai uku tun daga nan, duk mutanen cikinsu daga kaina na ƙirƙiro su, kuma ba su kai na Yaya daɗi ba.

A shekarar da aka karanta littafin, gab da babbar salla, telan ya aiko a kira ni. Ya ce ya yanke mini shadda, kyauta, ba ya son musu. Ya ce shekara talatin yana kallon maɓallin wuyana yana jin ciwo a ransa. Na tsaya ya auna ni, kafaɗa da hannu da tsawo, yana ɗingishi yana zagaya ni, allura a baki. Ya yi mini godiya har na ji kunya, ya ce ɗiyarsa an kawo kuɗin gaisuwarta, ya ce shi da zuriyarsa ba za su manta ba. Na san da gaske yake, na ga idonsa.

Ya ce sai dai zaren aikin wuya ya ƙare, irin wanda Yaya yake so, sai ya je Gusau ya sawo. Na ce to madalla, ni ma ina da saƙon da zan ba shi ya kai wa 'yata da ke karatu a can. Na tambaye shi yaushe zai tafi.

Ya cire allurar daga bakinsa, ya soka ta a hannun rigarsa, ya ɗan daɗe yana naɗe tef ɗin awo.

"Ban sa rana ba tukuna, Malam," ya ce. "Sai dai yadda ta yiwu."

Washegari da safe na bi ta tasha zan tafi makaranta, da saƙon a aljihuna ko zan bar masa. Shagon a kulle yake. Mai shayin da ke gefe ya ce ai tela ya bi motar farko.